Opanin Gyamfi da Karen da Ya Bar Mini

Opanin, ga labarin gidanka. 'Yarmu Serwaa lafiyarta ƙalau, sai dai ba ta cin abinci. 'Yar'uwarta Pokuaa ta iso daga Takoradi da jaririnta, yaron yana tari. Yayarka Dufie hawan jininta ya tashi. Ni gwiwoyin nan ne, yanzu kuma har da kafaɗa. Wanda ko ciwon kai bai yi ba a gidan nan shi ne karenka.

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran mijina, Opanin Kwadwo Gyamfi, a gidansa da ke Ejisu. Ya dawo daga yawon safe, ya zauna a kujerarsa, ya ce a ba shi ruwa. Kafin in kawo, ya tafi. An ce in rubuta abin da za a buga a littafin jana'iza. 'Yan matan sun ce in bari su tsara mini kalmomi masu daɗi. Na ƙi. Da furfurata na koyi riƙe alƙalami, ba kuwa zan ari bakin wani a kan mijina ba.

Kai mutumin kirki ne, wannan ba mai musu. Shekarar da wuta ta cinye gonar kokon maƙwabcinmu, ka kwashe rabin tsirran da ka raina ka kai masa, ka ce wai sun yi maka yawa. Ba ka taɓa cin sakwara kai kaɗai ba matuƙar akwai mai wucewa ta ƙofa. Amma taurin kanka, Opanin, ko turmi albarka.

Kowa a dangi ya san abin da ya faru da ɗanmu Twumasi. Ya bar jami'a ya ce walda zai yi. Ka tara manya, ka zuba giya a ƙasa, ka rantse cewa ƙafarka ba za ta taɓa kai ka ƙofarsa ba. Yaron ya ɗauki jakarsa ya tafi Tema, ya canza lamba. Tun daga ranar ban ƙara yin barci mai daɗi ba. In aka ce mota ta faɗi, sai in ce yana ciki. In na ambaci sunansa, sai ka ƙara wa rediyo murya.

Bara likita ya ce ka riƙa taka ƙafa kowace safiya saboda zuciyarka. Serwaa ta kai ka Kumasi, gidan da ake tara karnukan titi, don ka zaɓo tsohon kare mai sanyin hali. Ta ce ka wuce tsofaffin duka suna kwance, ka tsaya gaban wani ja mai kunne ɗaya a miƙe, yana tsalle yana cizon waya. Matar wurin ta ce, "Papa, wannan an sha ɗaukarsa ana dawo mana da shi."

Ka ce, "Yana da ja?"

"Kamar tarakta."

"To shi nake so."

Da kuka shigo gida, kafin in buɗe baki ya kifar mini da tukunyar miyar kwakwa. Na ce, "Opanin, tafiya likita ya ce ka yi, bai ce a ja ka a ƙasa ba." Ka ce, "Afrakoma, haka aka yi mini gargaɗi ranar da zan aure ki, ga ni nan da raina." Ka raɗa masa suna Okada.

Abin da karen nan ya yi mini ba zai rubutu ba. Ya cinye takalmina na zuwa coci, ƙafa ɗaya, ya bar mini ɗayar don in riƙa tunawa. Ya kori kajin mai wa'azi har cikin ɗaki. Kifin da na shanya kuwa, sai dai in ji ƙamshinsa a bakinsa. Kowace asuba kuna fita, shi a gaba, kai a baya kana haki, ni ina bakin ƙofa ina jiran a kawo mini kai a baro.

Da ka rasu aka ɗaura mini baƙin zane, aka zaunar da ni a ɗaki, aka ce ba fita sai an binne ka. Ni na zauna. Okada ne ba wanda ya gaya masa. Ya ka da rumfar masu zaman makoki, ya gudu da ɗankwalin Dufie, ya hana jariri barci da haushi. Ran Asabar da sassafe na gaji, na ɗauki igiyarsa, niyyata in kai shi bakin ƙofa kawai ya sha iska.

Opanin, ban san lokacin da na tsallaka titi ba. Mai koko ta saki ludayi tana kallona. Ina ihu yana ja. Muka wuce tasha, muka bi bayan makaranta, muka gangara hanyar Kwamo, inda gwiwoyina suka daɗe ba su kai ni ba. Sai ya shige wata rumfar kwano cike da ƙyauren ƙarfe, ya je kai tsaye ga wani kwanon ruwa da aka ajiye masa. Kusa da kwanon akwai kujera mai jingina, ga matashi a kanta. Wani mutum ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa yana dariya, yana cewa, "Tsoho, kwana nawa ke nan? Na ce ko Okada ya kai ka rami ne."

Twumasi ne, Opanin. Sai ya ga ba kai ba ne. Ya dubi zanen da ke jikina. Ya zauna a ƙasa.

Da muka gama kuka ya gaya mini. Ya daɗe da dawowa daga Tema. Wani direba ya ba ka labari, shi ne ka je ka nemo kare. Makon farko da ƙashin kaza a aljihu ka koya masa hanya. Ranar da kuka isa, ka ce, "Kada ka yi murna, ba ƙafata ce ta kawo ni ba, wannan mahaukacin ne ya jawo ni." Kullum da haka kake gaishe shi. Ka zauna, ka sha shayi, ka yi ta kushe masa walda.

Na ce, "Ni fa? Ni da na haife ka?"

Ya ce, "Maame, Papa ya ce in kin ji da safe, kafin la'asar duk Ejisu ta ji, manya su ce ya karya rantsuwa. Ya ce in bari zuwa Ista, zai san dabara."

Ka kyauta, Opanin. Ina juyi a gado ina lissafa haɗurran hanyar Tema, kai kana gefena kana minshari, ka san da safe za ka gan shi. Wannan sai mun haɗu. Ga Dufie kuma, na dawo na same ta a ƙofa tana cewa matar mamaci ta fita yawo da kare tun ba a binne mijinta ba. Har yau ba ta amsa gaisuwata.

Duk da haka na yafe maka. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya ba ka hutawa a wurinsa. Ina yi wa Dufie da dukan dangi ta'aziyya, da 'ya'yanka, su uku.

Nana Boadu, kai ne shugaban dangi, takardar nan hannunka za ta fara biyowa kafin ta je wurin mai bugawa. Na ga sanarwar da kuka tsara, sunan Twumasi ba ya cikin 'ya'ya. An ce mini rantsuwa tana nan tunda mai ita bai warware ba. Nana, ɗan'uwanka bai karya ta ba, amma ya daɗe da gamawa da ita. 'Ya'ya ne ke yi wa uba akwatin gawa, ina roƙo a bar yaron nan ya sa hannunsa, ya tsaya kusa da 'yan'uwansa. In kana shakkar maganata, ka zo da asuba, igiyar Okada tana rataye a bayan ƙofa, ka riƙe da hannu biyu. Ran Alhamis za a kai wa mai bugawa. Don Allah ka aiko mini da amsa kafin ranar.

Matarsa,
Afrakoma