Sumunti a kan tsohon gidan rinji

Ana sallame asuba muka tashi daga Damagaram, ni da abokan tafiyata biyu. A tashar Matameye muka karya da kunu da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance kamar ƙwallon magarya. Daga nan kabu-kabu suka kwashe mu ta cikin yashi, wajen Kurni, gero ko'ina ya kai gwiwa.

Abin da muka je gani tsohon gidan rinji ne, wanda wani attajiri ya sa bayinsa suka gina a tsakiyar gandunsa tun kafin zuwan Nasara. Wani dattijo ke tsaronsa, a zauren yake kwana. Ya ce a da, kowace bazara ana gayyar yaɓe da ƙasa. Yanzu samari duk suna cin rani a Kano da Legas, sai suka aiko da sumunti aka shafe bangon. Daga nesa ya yi kyau, har na yaba.

Muna zaure hadari ya taso, ruwa ya kece. Dattijon ya kama hannuna ya sa na ƙwanƙwasa bango. Wallahi kamar na bugi ƙwarya. Ashe ruwa na shiga ta tsaga, sumuntin ya hana shi fita, ƙasar ciki ta zama kunu. Sai ga ɓurɓushi yana zubo mana daga azara, can sama wani abu ya ce ƙas. Ni da nake cika bakin ba na tsoro, ni na fara fita, na bar takalmina. A cikin ruwa muka tsaya muna roƙon dattijon ya fito.

Daga bakin ƙofa ya ce, "'Ya'yana, kakana ya ɗauko ƙasar nan a kansa, ba da son ransa ba. Jikokin mai gidan sun watse. In na fita ya rushe, wa zai nuna inda muka sha wuya?"

Ya miƙo mini takalmina, ya koma ciki.

Mun iso gida da la'asar sakaliya. Na koyi cewa ginin ƙasa hannun mutane yake so duk shekara, aike ba ya riƙe shi. Yanzu haka ruwa ake yi tun hantsi, na kira lambar wayar da dattijon ya ba ni sau da yawa, ba ta shiga.