Tiyo Biyu da Ban Gitta Ba

Jama'a, wani mafarki na yi jiya da dare, har yanzu jikina bai sake ni ba. Amma sai na ɗan koma baya kafin ku gane.

Ni mai gyaran famfo ne a Kano. Shekara shida da suka wuce na bi yayana Habu zuwa Ikko, inda yake gyaran jiragen ruwa masu tafiya da iska, irin waɗanda ake buɗe wa zane. A bayan jirgin akwai wani rami da matuƙi ke zama, da magudana biyu a ƙasansa, dama da hagu, don ruwan da ya fantsamo ya koma teku. Yaya ya ce in sa musu tiyo, in gitta su: na dama ya fita ta hagu, na hagu ta dama. Ni kuwa da girman kaina na famfo na ce wane irin ɓata tiyo ne wannan, ai ruwa gajeriyar hanya yake so. Na miƙe su sambal. Ashe jirgi ba gida ba ne, karkata yake yi. Ranar gwaji iska ta kwantar da shi, ruwa ya biyo tiyon ya cika ramin har idon sawu. Yaya ya wanke ni tas a gaban mai jirgin. Washegari na hau mota, ko sallama ban yi masa ba. Tun ranar ba mu sake magana ba. Makon jiya matarsa ta aiko min saƙo cewa yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura. Na karanta, ban amsa ba.

To a mafarkin, ga ni cikin wannan jirgin, amma ba a teku yake ba. A tsakar gidanmu na Yawuri yake, gindin bishiyar mangwaro, rana tsaka. Zanen da aka buɗe masa kuwa zanen Inna ne mai ruwan goro, wanda take shanyawa a igiya tun muna yara.

Na rarrafa ƙarƙashin ramin, wurin nan mai ƙunci da warin man inji. Tiyo biyu suna nan yadda na bar su, a miƙe. Sai kawai jirgin ya fara karkata, alhali ko ganye ba ya motsi. Ruwa ya soma bulbulowa ta magudanar dama, mai ɗumi, ja kamar na kogin Kwara da damina.

Na kwance tiyon dama na ja shi zuwa hagu. Bai kai ba. Saura kamar taƙi ɗaya, ni na yanke shi gajere da hannuna. Ina ja yana komawa.

Sai kawai na ga hannu ya miƙo ta cikin duhun, riƙe da ɗaya bakin tiyon. Na san hannun, da tabon ƙunar nan a babban yatsa. Fuskar ce ban gani ba.

Na ce, "Yaya, na gane. Gitta su zan yi."

Na ƙara jan tiyon.

"Yaya Habu, ka ɗan matso da shi, kaɗan ya rage."

Bai matso ba, bai kuma saki ba. Can sama na ji Inna, Allah ya jiƙanta, tana kiran mu cin tuwo yadda ta saba, sunayenmu biyu a haɗe kamar na mutum ɗaya. Ruwa ya kawo min ƙirji. Abin mamaki ban ji tsoro ba. Kewarsa kawai nake ji, ina so ko zagin nan nasa ya sake yi min in ji muryarsa.

Na saki tiyon na miƙa hannu in kama nasa. Yatsuna sun kusa taɓa tabon, sai kawai na farka, hannuna a miƙe, matashina a jiƙe.

Tun safe lambarsa take buɗe a wayata, ban danna ba. Masu sanin fassara, don Allah ku faɗa min gaskiya ko da ba daɗi. Hannun nan da bai saki ba, jirana yake yi, ko sallamar da ban yi masa ba ce ya zo yi min?