Dawowar Mai Sikelinmu

Shekara tara na yi ina kula da ma'aikata a wani kamfanin casar shinkafa a Jega, kuma har yau in na tuna abin da aka yi wa mai sikelinmu sai raina ya ɓaci. Dattijo ne mutumin Maiyama. Ciwon daji ya kama shi a hanji, ya yi wata goma yana jinya a Sakkwato. Ranar da ya dawo, rigarsa ta yi masa yawa, amma yana riƙe da takardar likita: zai iya aiki, sai dai ban da ɗaukar kaya, kuma a bar shi ya riƙa komawa asibiti duk wata.

Na zauna na tsara masa komai. Ya fara da rabin yini, a sa masa kujera kusa da sikeli, leburori su ɗora buhu, shi ya duba nauyi. Na kai wa manaja.

Ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce, "Malam, nan ba gidan jinya ba ne. Wanda daji ya taɓa ai sai jiran lokaci. Rubuta mashi sallama."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara sha huɗu yana kan sikelin nan, ba manomin da ya taɓa kuka da shi. Likita ya ce ya samu sauƙi."

"Kai ne likitan?"

Na ƙi rubutawa. Sai manaja ya ɓullo ta bayan gida, ya mayar da shi wurin lodi, inda dole ya cicciɓi buhu. Abokan aikinsa kuma suka ware masa kofin shan ruwa. Na tara su na ce wannan ciwo ba a ɗaukarsa, suka sunkuyar da kai, kofin dai bai koma cikin 'yan'uwansa ba.

Sati uku ya daure. Ran nan ya shigo ofishina yana dafe da ciki, ya ce, "Ɗana, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Allah ya tashe ni daga cuta, ba ni bari buhu ya kashe ni."

Da hannuna na rubuta cewa ya ajiye aiki don raɗin kansa. Ƙarya ce, kuma na sani.

Wani dillalin albasa a Aliero ya ɗauke shi ya riƙa kula masa da rumbuna. Bara na same shi can, ya yi ƙiba, yana ta faɗa da masu lodi don sun taka masa albasa.