Kaka Ta Tafi Mutuwa

Duk shekara, da an yi ruwan shuka, kakata takan ɗaure kayanta ta ce za ta tafi mutuwa. Mu kuwa jikoki sai murna har da tsalle, domin a wurinmu wannan tafiya ta fi sallah daɗi.

A Kurfi muke zaune, amma kakanmu yana kwance a wani ɗan ƙauye ta wajen Dutsin-Ma, wanda ba a san shi da komai ba sai maƙabartu. Ƙasarsa na da taushi, ƙauyukan kewaye kuwa fako ne da dutse, don haka kowa can yake kai mamacinsa. Gabas maƙabarta, arewa maƙabarta, har ana yi wa mutanen garin tsiya cewa na kwance sun fi na tsaye yawa. Ba sa jin haushi. In ka tsokane su sai su ce, "Sai ka zo."

Gefen kabarin kakanmu akwai ɗan fili, Kaka kuwa ta ƙwallafa rai a nan za a sa ta. Abin da ya hana ta sakat shi ne rafin da ke tsakani. In ya cika ba mai ƙetarewa da gawa, gawa kuma ba ta jiran ruwa ya janye. Shi ya sa take riga rafin, ta sauka gidan ƙanwarta, ta jira ajali a kusa.

Babana ya yi lallashi har ya gaji. Da yake shi ne ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, sai ta dube ni ta ce, "Maigida, hwaɗa ma wancan shi ɗaura ma jaki kaya." Shi kuwa yana tsaye a gabanta! Kayan ma abin kallo ne: likkafani naɗe cikin tabarma, sai daddawa, kuka, barkono da ƙullin kanwa.

"Amarya," in ce mata, "mai mutuwa mi za ta yi da daddawa haka?"

"Ja'iri! So kake in iske kakanka da yunwa, shi ce ba ka iya riƙon mata ba?"

A ƙauyen kuwa mutuwa ba ta ko leƙo ta. Fulani sun dawo, nono ya yi arha, ga kwaɗon rama, ga tafasa, daga baya ga tumu. Kaka ta ci ta sha, ta yi ɓul-ɓul. Mu kuma mu wuni muna farautar fara da tsinkar ɗinya a bakin shingen maƙabarta, ba tsoro ko kaɗan, don yaran garin sun koya mana cewa na ciki ba ruwansu da kowa. Da an yanke gero sai mu juyo gida, tana bisa jaki, jakin yana nishi. Matan unguwa su tarbe ta da guɗa: "Iya, ba a yi ba?" Ta ce, "Bana ma ba a yi ba."

Aikina guda ne. Mata ba sa shiga maƙabarta, saboda haka ranar da muka sauka ni take aika in dubo mata filin. Nakan kwanta a wurin in miƙe ƙafa in gwada, in dawo da gudu bayana duk ƙasa. Ta ce, "Zai ishe ni?" In ce, "In kin rage fura." Ta bi ni da muciya.

Bayan an samu mulkin kai da 'yan shekaru, na shiga kamar kullum ina fito, sai na tsaya cak. Sabon kabari ne a filin, an rufe shi da ƙaya. Ashe tsohon mai haƙan kabarin da ya san da maganar ya rasu da rani, matasan da suka gaje shi ba wanda ya gaya wa. Wani baƙon makiyayi ya cika a hanya, suka ga wuri suka sa shi.

Na juyo gida a hankali. Na same ta a tsakar gida tana gyaran rama. Ta dube ni, ta ga rigata tsaf.

"Maigida, ba ka kwanta ba."

Na faɗa mata. Sai ta tambaye ni:

"Wane ne?"

"An ce makiyayi ne, baƙo. Ba a san danginshi ba."

"Allah sarki," in ji ta. "Gara da anka sa shi kusa da mutum. Kakanka bakinshi ba ya shiru, ba zai bar shi da kewa ba."

Har ta yi 'yar dariya. Sannan ta miƙa mini faifan, ta shiga ɗaki ta saki asabari. Ina zaune da rama a cinya na ji tana kiran kakana da sunansa, sunan da ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba, tana kuka.