Hannunta a Kusurwar Tebur

Jiya muka je wurin kafinta a Agege zaɓen teburin cin abinci. Maigida ya nuna wani dogo mai kusurwa huɗu, sai marigayiya surukata ta faɗo mini a rai.

Falonmu ƙarami ne, yara kuma ba sa zama. Da yaro ya sheƙo a guje, sai ta ɗora tafinta mai jan lalle a kusurwar tsohon teburinmu. Ranar da babban ɗana ya gwabje hannun, ta yarfe yatsu tana dariya: "Angona, wannan kai ne ko kwakwa?"

Yanzu ba mai tare musu, ga auta ta fara tafiya. Na ce, "Alhaji, mu ɗauki zagayayyen nan." Ya shafa bakin katakon, ya ce to.

Allah ya yalwata mata kabarinta, ya raya mana jikokinta lafiya.