Malama Intisar da Ramin da Ya Haɗiye Rumfa

Ranar Talata ce, rana ta take, ko iska babu. Muna loda tumatir a gonar Kawu Mufleh, nan gefen Tekun Gishiri, sai ga Malama Intisar da sandarta.

Haka take kullum. In ta tashi daga koyar da kimiyya a makarantar ƙauyenmu, gonaki take bi tana leƙa tsagar ƙasa. Ni tun aji biyu na gudu daga makaranta, amma ko yau in ta gan ni sai ta ce, "Ɗan gudun hijira, ka ci abinci?"

Ta tsaya bayan rumfar da mata ke tsince tumatir. Ta zura sandar cikin wata tsaga, sanda ta shige har hannu.

"Mufleh, fitar da matan nan."

Kawu ya yi dariya. "Malama, yau ma nazariyyar ce? Mota na jira!"

A bakinmu, nazariyya surutun 'yan boko ne kawai.

"Turawa tiyori suke cewa, kuma ba shaci-faɗi ba ne," in ji ta. "Bayani ne da aka gwada, aka sake gwadawa, aka kasa ƙaryatawa. Teku na ja da baya, ruwan daɗi na narkar da gishirin da ke ƙarƙashinmu. A kan ɓawo kake tsaye."

"Kakana ya noma ɓawon nan!"

"Kakanka ba ya cikin rumfar. 'Yarka ce a ciki."

Bai motsa ba. Sai ta leƙa da kanta, ta kira matan da sunayensu kamar a aji. Duk ɗalibanta ne a da. Suka fito sumsum.

Bayan azahar muka ji ƙasa ta yi nishi. Na waiwaya, babu rumfa. Wallahi babu! Sai ƙura, da rami mai wari. Kawu ya zube zaune, ya riƙe mayafin 'yarsa.

Malama, ke ce kika koyar da mu kalma ɗaya, muka mai da ita abin tsokana, ba ki yi fushi ba. A watan nan za ki ajiye alli. Mun gode, Allah ya saka. Masu ilimin ƙauyenmu, ku fito gona kamar yadda take fitowa.

Abin da ramin ya ci: rumfa, injin ban ruwa, tumatir ɗin ranar, da jakin Kawu. Mutum ko ɗaya babu.