Allin da Ta Bari a Cikin Silin

Ranar Asabar ce, babu makaranta. Baba ya fito da sassafe ya tarar da 'yarsa a tsakar gida tana juye ruwan robobi a gindin bishiyar lemo. Ruwan farko na shekara ya sauka kafin wayewar gari, sabon rufin da aka yi wa gidan da rani kuwa ya nuna halinsa.

"Mamana, ya shigo da yawa?"

"Ba shigowa ya yi ba, Baba, ziyara ya kawo. Har kan gado ya zauna."

Malamar firamare ce, aji biyu take koyarwa, ba ta cika talatin ba. 'Yan ajinta da iyayensu Anti suke ce mata. Yayanta, wanda ke aiki a wani gari, Hedimasta yake kiranta tun suna yara, don ko wanke-wanke ya yi sai ta ɗaga kwano ta duba bayansa. Ba ta taɓa ba yaro sifili ba. Takan kewaye kuskuren ne, ta mayar masa da littafinsa ta ce ya sake. Haka take yi wa tela, haka take yi wa mai gyaran famfo, kuma abin mamaki ba sa fushi da ita.

Da hantsi ta kira kafintan da ya yi rufin, ta buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Sai-Gobe ake ce masa a unguwa, shi ma yana amsawa.

"Sai-Gobe, ina kwana? Ka yi barci lafiya?"

"Lafiya lau, Anti."

"Madalla. Mu dai da lema muka wayi gari."

"Ai Anti, sabon kwano haka yake. Sai ya sha ruwa kamar sau biyu yake zama."

"Kumbura zai yi ya toshe kansa?"

Ya yi dariyar rashin gaskiya. Mama ta leƙo daga kicin ta ce a gaya masa ya zo da tabarmarsa, duk ranar da aka yi hadari a ɗakin zai kwana. Aka tsayar da magana a kan Asabar mai zuwa.

Ita ce ta kawo shi. Lokacin da tsohon kwanon gidan ya gama yin tsatsa, yayanta ya so a ba wani babban ɗan kwangila, ta ce tana da mutuminta. Shi ya taɓa yi wa ajinta bencina, duk suka zo suna rawa. Ta tsare shi a bakin aji bayan an tashi, ya kwance su ya sake haɗawa, har yau kuma suna nan daram. "Aikinsa na farko ba ya kyau," in ji ta, "amma na biyu yana tsayawa. Matsalar dai ba wanda ke haƙurin jiran na biyun." Yayan ya ce to sai ta buɗe masa aji. Baba ya bar ta da mutuminta. Ya daɗe da sanin cewa in Mamana ta ɗauki mutum, ba ta ajiye shi a hanya.

Da rana ta take, ta ɗauko tsani ta jingina a ƙofar silin da ke baranda. Ta sa tsohon wandon yayanta, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta cusa kwalin alli a aljihu. Ta ce sai rana na tsaka ake ganin kowace kafa. Baba ya riƙe mata tsanin.

"Baba," muryarta ta sauko daga sama, "da gwiwarka za ta yarda, da ka zo ka ga taurari da rana tsaka."

Tana rarrafe a kan katako tana ba shi labari. A cikin kwarin kwanon Sai-Gobe ya buga ƙusoshin, daidai hanyar ruwa, maimakon a kan tudu. Inda ƙusa ta kuskure katako kuma, zare ta ya yi ya bar hujin a buɗe. Duk inda haske ya shigo sai ta kewaye shi da alli. Ta sauko jiƙe da gumi, yanar gizo-gizo har a gira.

"Amma shi yana sama ba zai ga allina ba," ta ce. "Ni zan shiga ciki in riƙa zura tsinke ta kowace kafa, shi kuma ya liƙe ta sama. Da hannunsa zai gyara, Baba. In wani ya gyara masa, gidan gaba ma haka zai yi musu."

Ta je ta zazzare tsinkaye daga sabuwar tsintsiyar Mama. Mama ta biyo ta tana cewa ba ta haifi 'ya don ta tsiyata mata tsintsiya ba. Ta ɗaure su da roba, ta sake hawa ta ajiye su a ciki, don kada a share su.

Bayan azahar ta ci abinci, ta zauna a inuwa tana duba littattafan 'yan ajinta. Da la'asar ta ce kanta na sara mata. Baba, wanda ya yi shekarun aikinsa duka a ɗakin magani na asibiti, ya ba ta maganin ciwon kai da ruwa, ya ce ta kwanta. Da magariba ta fito ta ce ya lafa, har ta tsokani Mama a kan tsintsiya.

Da safe aka kira ta ba ta amsa ba. Ranar Litinin ta rasu a asibiti. Likita ya ce wata jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta, da raunin aka haife ta, ko tana kwance a gado ranar na iya zuwa. Baba ya tambaya ko zafin silin na da hannu. Likita ya ce a'a. Baba ya san abin da ake nufi, bai sake tambaya ba.

Yayan ne bai karɓa ba. A wurinsa, da ba don ramukan kafinta ba da ba ta hau ba.

Damina ta kankama. An ja ƙofar ɗakinta, amma ruwa bai san da haka ba. Duk lokacin da aka yi ruwa Mama ke shiga ta juye robobi, ta fito. Gefen littattafai ya fara kumbura, kayan sawa suka soma warin danshi. Wata rana ta tsaya a kan Baba.

"Malam, ko a gyara rufin nan, ko a kwashe kayan yarinyar nan. Ba zan zuba ido su ruɓe ba."

Ya kasa ko ɗaya. Wayar Sai-Gobe a kashe take, Asabar ɗin da aka yi da shi ta wuce, wasu ma sun bi bayanta. Yayan ya ɗauki hutu ya dawo gida, ya samo ɗan kwangilar da ya so tun farko. Ranar Litinin za su zo su yaye kwanon gaba ɗaya, su sa sabo. Baba ya san shawara ce mai kyau. Ya kuma san cewa a bayan wannan kwanon allinta yake, za a loda shi a kura a kai wa masu gwangwan, aikin da ta fara kuma ba wanda zai ƙarasa.

Ranar Asabar da hantsi aka ji tsayuwar babur a ƙofar gida.

"Salamu alaikum. A gaya wa Anti ɗalibinta ya zo. Na san na makara, ga bayana, a kawo bulala."

Baba ne ya fita ya gaya masa, a taƙaice, kamar yadda ya saba faɗa wa kowa. Sai-Gobe ya dubi jakar kayan aikin da ke hannunsa, ya ajiye ta a hankali, ya zame ya zauna a ƙasa jikin bango. Ya ce kunya ce ta sa ya kashe waya, ya tafi wani aiki a ƙauye, yana cewa sai ya sayo abin liƙi mai kyau zai iya haɗa ido da ita. Ya buɗe jakar ya nuna naɗin ƙyalle mai kwalta da ƙusoshi masu hula, kamar akwai wanda ya ce ƙarya yake yi.

Yayan ya fito. "Tashi ka bar ƙofar gidan nan. Ramukanka ta hau dubawa."

"Kana wurin likita ya yi bayani," in ji Baba.

"Baba, mutumin nan ko akurkin kaji ba zan ba shi ba."

"Na sani. Ita ma ta sani. Cewa ta yi na biyun ne ke tsayawa."

"To wa zai shiga ciki ya nuna masa? Ba ta nan."

"Ni."

"Da wannan gwiwar?"

"Kai dai riƙe min tsani."

Suka jira rana ta take. Baba ya cire babbar rigarsa, ya hau a hankali, Mama na tsaye a ƙasa tana cewa in ya faɗo kada ya kira sunanta. Zafin ciki ya buge shi kamar an buɗe murhu. Da idonsa ya saba da duhun, sai ya ga taurarin da ta faɗa, kowane da zobensa na farin alli, a zagaye tsaf irin na kan allon aji. Ɗaurin tsinkayen na nan a kan katako, da guntun alli a gefensa. A wani layi da ƙusoshin suka hau daidai ta yi masa alamar maki. A inda ramuka suka taru wuri ɗaya kamar rariya, ta rubuta a jikin katakon da manyan baƙaƙe: HABA DAI.

Baba ya zare tsinke ya zura. Ya ji takun ƙafar Sai-Gobe a kan kwano.

"Na gani, Baba."

Aka ji gogar ƙyalle, aka ji danna babban yatsa, tauraron ya mutu. Ya matsa gaba ya zura wani. Haka suka yi ta yi, ba mai magana sai wannan "na gani", silin kuma na ƙara duhu. Bai kai rabi ba gwiwar ta ƙi. Ya zauna a kan katako yana haki, sai ga kan ɗansa ya ɓullo ta ƙofar silin.

"Kawo, Baba. Sauka ka sha ruwa."

Baba bai sauka ba, ya dai miƙa masa tsinkayen. Yayan ya rarrafa har ya isa wurin rubutun. Ya karanta, dariya ta kuɓuce masa, ya ce, "Hedimasta ke nan." Dariyar ba ta ƙare a dariya ba. Baba ya juya kansa gefe ya ba shi lokaci. Can sai ya ji shi yana bugun kwano da tafin hannu.

"Kai malam, a kan tudu ake buga ta. Kan tudu. Sau nawa za a gaya maka?"

"To, Yaya," in ji Sai-Gobe daga sama. "Wallahi muryarku ɗaya da Anti."

Sai bayan la'asar suka gama. Da daddare ba a yi ruwa ba, washegari ma haka. Yayan ya kira ɗan kwangila ya ce a dakata tukuna a ga abin da damina za ta ce. Da ruwan ya zo, mai ƙarfi ne, da iska. Ɗakinta bai ɗiga ba ko sau ɗaya. Baranda ce ta ci gaba da yoyo a kusurwa guda, har yanzu ma tana yi. Sai-Gobe ya ce gobe zai zo ya duba. Mama ta ajiye bokiti a wurin, ta ce ta san goben.

Da ɗakin ya bushe, Mama ta buɗe taga da ƙofa, ta shanya kayan a igiya yini guda. Atamfofi da mayafai ta raba wa ƙannen Baba da 'ya'yansu da wasu malamai biyu da suka shaƙu da ita. Littattafan 'yan aji Baba ya kai makaranta da kansa, har da waɗanda ba ta gama dubawa ba. Robobin suka koma kicin. Yayan ya karɓi tsohon wandonsa da jan bironta, ya sa a jaka. Lemarta Mama ta riƙe. Tsintsiyar nan da aka tsiyata kuma da ita take shara har yau, ta ƙi a saya mata wata.

Kwalin allin Baba ya ba Sai-Gobe, ya ce ya riƙa ja wa kansa layi a kan kwano kafin ya ɗaga guduma. Ya karɓa da hannu biyu. Guntun da ta yi aiki da shi ranar kuwa Baba bai sauko da shi ba. Yana can a cikin silin, a kan katakon da ta ajiye shi.